Yadda Gari Yake Zama Ƙarfe Mai Ƙarfi Ba Tare da Narkewa Ba

A aji mun saba haɗa ruwa da ruwa mu ga canji nan take. To, busasshen gari fa? Shi ma yana canzawa, sai dai yana bukatar zafi da haƙuri.

Bari mu ɗauki garin baƙin ƙarfe mu gauraya shi da garin oksayid na jan ƙarfe, wato jan ƙarfen da ya haɗu da iskar oksijin. Mu danne su sosai, mu gasa a zafin digiri 1000. Babu wanda zai narke, domin jan ƙarfe sai a digiri 1085 yake narkewa, baƙin ƙarfe kuwa sai a 1538. Duk da haka, a wuraren da ƙwayoyin garin suke taɓa juna, atom suna rarrafawa daga wannan zuwa wancan. Baƙin ƙarfe ya fi jan ƙarfe son oksijin, saboda haka sai ya ƙwace ta. A ƙarshe mu sami jan ƙarfe tsantsa da oksayid na baƙin ƙarfe a dunƙule ɗaya.

Amma yaya suke zaune a ciki? A 1973 Robert Rapp da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun manna irin waɗannan abubuwa, suka gasa, suka yanka, suka duba da madubin ganin ƙananan abubuwa. Da suka haɗa nikel da oksayid na jan ƙarfe, abin ya fito hawa-hawa, kamar tabarmi a shimfiɗe ɗaya bisa ɗaya. Da suka sa baƙin ƙarfe a maimakon nikel, sai ƙarfen da oksayid suka shiga juna tsiri-tsiri. Bambancin ya danganta ga wace atom ce ta fi jan ƙafa, kuma ta cikin wane sashe take bi.

Me ya sa wannan ya dame mu? Oksayid yana jure zafi amma yana da saurin fashewa. Ƙarfe kuwa yana lanƙwasuwa, yana kuma ɗaukar lantarki. Idan sun shiga juna, ƙarfen yana tare tsaga, kamar yadda ciyawa take riƙe ƙasar gini. Idan kuwa shimfiɗar oksayid ta raba ƙarfen, lantarki zai sha wahalar ƙetarewa.

Saboda haka, ɗalibai, sanin kayan haɗi kaɗai bai isa ba. Kullum mu tambayi yadda suka jeru a ciki.