Iskar Radon a Cikin Gida da Sankarar Huhu

Radon iska ce marar launi marar wari da ke fitowa daga rugujewar yuraniyom da ke cikin ƙasa da duwatsu, takan kuma kutso ɗaki ta tsagogin daɓe da gindin bango, ta taru inda iska ba ta shiga da fita. Idan aka shaƙe ta, burbushin da take bari yakan maƙale a hanyoyin numfashi yana fitar da tiririn alfa, wanda ke lalata ƙwayoyin halittar huhu. Ana auna yawanta da bekarel a kowace kubik mita ta iska, bekarel ɗaya kuwa na nufin rugujewar ƙwayar zarra ɗaya a daƙiƙa.

Illarta ga masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa ba abin jayayya ba ce. Saɓanin masana yana kan gidaje ne, inda yawanta bai kai na ramuka ba. A 1995 Bernard Cohen na Jami'ar Pittsburgh a Amurka ya kwatanta gundumomin ƙasar, ya ga waɗanda radon ta fi yawa a cikinsu sun fi ƙarancin mace-macen sankarar huhu, abin da wasu suka ɗauka hujjar cewa ɗan kaɗan ba ya cutarwa. Raunin binciken shi ne gunduma ya auna maimakon mutum, don haka bai iya raba tasirin radon da na taba sigari ba. A 2005 Sarah Darby da abokan aikinta suka haɗa bincike 13 na Turai da aka auna gidajen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, suka samu cewa haɗarin na ƙaruwa da kimanin kashi 16 cikin ɗari a kan kowane ƙarin bekarel 100, kuma na mai shan taba ya ninka na wanda bai taɓa sha ba kusan sau 25. Wannan hujja ta fi nauyi, ko da yake har yanzu ana gardama kan mafi ƙanƙantar ma'auni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2009 cewa kada gida ya wuce bekarel 100, in hakan ya gagara kada ya haura 300. Hanyar sani ɗaya ce, wato ajiye na'urar awo a ɗakin kwana na aƙalla wata uku, domin yawan iskar yana sauyawa da yanayi. Idan ta yi yawa, ana toshe tsagogi, a yawaita buɗe tagogi, a kuma sa bututu mai fanka da ke zuƙo iskar daga ƙarƙashin daɓe ya fitar da ita sama da rufi. A tsaunukan Jos, inda yashin tsofaffin ramukan kuza ke ɗauke da tiriri fiye da sauran ƙasa, bai kamata a yi gini da shi ba. Ga mai shan taba kuwa, barinta ya fi kowane gyaran gida rage haɗarin.