Lodin Katifa da Gadar Sama

Gwaggo, ina sayar da katifu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ƙanin maigidana ne ke kai mini kaya Zariya da a-kori-kura, ɗana kuma shi ne yaron motar. Lodi yake yi har sama don kada ya yi sawu biyu. Ran nan saura ƙiris katifar sama ta maƙale a wata gadar masu ƙafa, sai ya sace iskar taya ya wuce. A cikin unguwa kuma yaron yake sawa ya hau saman kaya ya ɗaga wayar lantarki da sanda. In na yi magana a ce na raina dangin miji. Ya zan yi?
Mai katifa, Tudun Wada

'Yata, tun kafin a zo batun gada, yaron nan ya daina hawa saman kaya daga yau. Babbar wayar lantarki ba sai an taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa, ɗanyen itace ko jiƙaƙƙe kuwa wuta na bi ta cikinsa. Wannan ba maganar kunya ba ce, ki gaya wa mahaifinsa yau da dare.

Sace iskar taya dabarar wanda ya riga ya makara ne. 'Yan inci kaɗan take ragewa, tana kuma cin gefen taya. Ga shi katifa ba nauyi, mota ba ta zama ƙasa kamar in an loda siminti, don haka ido na yaudarar direba.

A Ingila akwai tsohuwar gadar Potter Heigham, sararin ƙarƙashinta kusan mita 2 kacal. Masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska da ke bi ta ƙarƙashinta tun daga nesa suke tsayawa, su naɗe zanen, su kwantar da dogon turken a hankali, bayan sun duba tsayin ruwan ranar. Ba wanda ke bari sai ya shiga ƙarƙashi.

Ku ma a bakin shago za ku auna, kafin mota ta hau titin Ahmadu Bello ta nufi Kawo. Ki sami gora, a yanke ta daidai tsayin da ke wuce wayoyin hanyarku lafiya, duk katifar da ta ɗara ta a sauke.

Shi kuwa ƙanin mijin naki, kada ki tsare shi gaban mutane. Na fi zaton kuɗin mai yake ji wa. Ki kira shi gefe ki ce, "Baffan yara, a raba kayan biyu, man sawu na biyu a kaina." Ki lissafa shi cikin farashin katifa.