Ina Ake Samun Zaren Saƙa Mai Kyau?

Wata matar aure daga Fagge ta ce ta ƙware a kwarashi, yanzu tana son gwada saƙar kibiya, amma ina za ta sayi zare?

Ba sai ta yi nisa ba. Daga Fagge, Kasuwar Sabon Gari na kusa, ta nemi masu sayar da kayan ɗinki.

Ta sayi duk ƙullin da aikin ke buƙata lokaci guda, domin rini kan bambanta daga kaya zuwa kaya. Ulu na roba ya dace da hulunan jarirai na hunturu, auduga kuwa ta fi daɗi da zafin Kano. Kafin ta fara rigar sanyi, ta saƙa ɗan gwaji, santimita 10 kowane gefe, ta wanke ta gani.