Ƙarfen da ya zama gilashi

Idan ka tashi daga Nyohini ka shiga kasuwar Aboabo a Tamale, za ka ga tukwanen alminiyam manya da ƙanana. Maƙera ne suke yin su. Suna narka alminiyam a wuta. Idan zafi ya kai digiri 660, sai ya zama ruwa. Sai su zuba shi a cikin zubi na yashi. Yana hucewa sannu a hankali har ya daskare.

Kowane abu yana da ƴan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sunansu atam. A cikin narkakken ƙarfe, ƙwayoyin suna ta yawo kamar yara a filin wasa. Idan ƙarfen ya huce a hankali, suna samun lokacin jeruwa layi-layi, kamar ɗalibai bayan an buga ƙararrawa. Haka cikin tukunya yake.

To, da malam zai ce "Kowa ya tsaya!" farat ɗaya, me zai faru? Kowane yaro zai tsaya inda yake, babu layi. Haka cikin gilashin kwalba yake: ya daskare, amma ƙwayoyinsa ba su jeru ba.

Ƙwayoyin ƙarfe suna da saurin jeruwa ƙwarai. Shi ya sa aka daɗe ba a ga narkakken ƙarfe ya daskare kamar gilashi ba. A shekarar 1960, wani masani mai suna Pol Duwez da abokan aikinsa suka yi nasara a Kalifoniya, a ƙasar Amurka. Sun haɗa zinariya da silikon, wanda ake samu daga yashi. Suka narka su, suka sanyaya su da saurin digiri kusan miliyan ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin ba su sami lokacin jeruwa ba.

Yanzu ana zuba narkakken ƙarfe a kan faifan jan ƙarfe mai sanyi, mai juyawa da sauri. Sai ya fito kamar zirin takarda, amma bai kai ta kauri ba. Haske ba ya ratsa shi, amma yana da ƙarfi sosai. Ana sa shi a cikin wasu taransifoma, domin yana rage asarar wutar lantarki.

Tambayoyi
1. A digiri nawa alminiyam yake narkewa?
2. Me ya sa ƙwayoyin tukunya suke jeruwa?
3. Yaya Pol Duwez ya hana su jeruwa?