Ranar Addu'a ta Ƙasa a Amurka: Nazarin Harshen Umarni da na Gayyata

1.0 Gabatarwa

Da harshe hukuma take isar da nufinta ga jama'a, kuma sau da yawa kalma guda a cikin doka ita ke raba tilas da ganin dama. Wannan darasi zai duba Ranar Addu'a ta Ƙasa a Amurka, domin ɗalibi ya ga yadda zaɓen kalma yake shafar 'yancin addini.

2.0 Asalin Ranar

Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a shekarar 1791 ya hana Majalisar Dokoki abu biyu: kafa addinin gwamnati, da kuma hana mutum bin addininsa. Tun farkon ƙasar shugabanni sun saɓa a kan ko kiran jama'a zuwa ga addu'a ya shiga cikin wannan hani. George Washington ya yi shelar ranar godiya da addu'a a 1789. Thomas Jefferson kuwa ya ƙi yin haka, inda ya bayyana a wata wasiƙa ta 1808 cewa tsara ibada aikin ƙungiyoyin addini ne, hukuma ba ta da hurumi a ciki.

A shekarar 1952, lokacin yaƙin Koriya, Shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan dokar da ta ce a keɓe rana guda kowace shekara, ban da Lahadi, domin addu'a. A 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan gyaran da ya tsayar da ita a ranar Alhamis ta farko a watan Mayu. Ba ranar hutu ba ce. Ofisoshi da makarantu suna buɗe.

3.0 Harshen Dokar

A dubi waɗannan jimloli:

(a) Kowa ya fito addu'a ranar Alhamis.
(b) Mai so yana iya yin addu'a ranar Alhamis.

Jimla ta (a) tana cikin sigar umarni, wanda ya ƙi fitowa ya saɓa. Jimla ta (b) kuwa ta rataya aikin a kan so da iyawa, don haka mai bari bai yi laifi ba. Dokar Amurka ta haɗa sigogin biyu, amma ta raba waɗanda take nufi da su. Shugaban ƙasa ta ɗora wa wajibcin fitar da shela kowace shekara. Jama'a kuwa cewa ta yi suna iya fuskantar Ubangiji da addu'a, a majami'u ko cikin taro ko kowa shi kaɗai.

4.0 Shari'ar 2010 da 2011

A shekarar 2008 wata ƙungiya ta jihar Wisconsin mai suna Freedom From Religion Foundation ta kai ƙara. A watan Afrilu na 2010 Mai Shari'a Barbara Crabb ta yanke hukunci cewa dokar ta saɓa wa tsarin mulki, domin manufarta ƙarfafa ibada ce, wadda ba aikin gwamnati ba ne. A watan Afrilu na 2011 kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ta soke wannan hukunci. Hujjarta ita ce dokar shugaban ƙasa kaɗai ta wajabta wa aiki, shelar kuma roƙo ce da kowa ke iya ƙi, saboda haka masu ƙara ba su da hurumin shigar da ita.

Sai dai akwai abin lura. Ma'anar magana ba ta tsaya ga ginin jimla kaɗai ba, matsayin mai magana ma yana da tasiri. Roƙon sarki umarni ne. Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Engel ta 1962, ta haramta addu'ar da hukumar ilimi ta jihar New York ta tsara wa makarantun gwamnati, duk da cewa an bai wa yara damar yin shiru ko fita daga aji.

5.0 Kammalawa

Wannan batu ya shafi malamin makaranta a Nijeriya. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. Sashe na 38(2) kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi halartar ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. A idon yaro, malami hukuma ce. Idan ya ce "mai so ya zo", wajibi ne wanda bai zo ba ya tsira daga harara da ragin maki.

6.0 Auna Fahimta

1. Bambanta matsayin Washington da na Jefferson.
2. Wace hujja kotun ɗaukaka ƙara ta kafa a 2011?
3. Rubuta sanarwar taron addu'a a makaranta cikin sigar gayyata, sannan ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka nuna zaɓi.