Darasin Dabino Daga Tafiyarmu Zuwa Dutse

Ya 'yan'uwa manoma, gani ya kori ji. Bayan an gama girbi, mu wakilan jam'iyyar gama kai muka tashi daga Ƙauyen Alu a Kano cikin motar ekklesiya. Muka ɗora tabarmi, da risho, da jarkokin ruwa, gama a cikin motar muka yi niyyar kwana. Muka bi ta Wudil har Dutse, wadda ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991. Washegari muka zarce Birnin Kudu, muka ga zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikin duwatsu. Amma abin da ya kai mu shi ne dabino.

1. Dutse da ruwa

Garin ya ci sunansa. Manyan duwatsu ne, wani bisa wani kamar an jera su da hannu. A ƙasansu kuwa ga dabino tsaye. Dalilin ba boyayye ba ne. Ruwan sama ba ya shiga dutse, sai ya gangaro ya nutse cikin yashin da ke gindinsa. Dabino yana son rana a kansa, da laima a saiwarsa. Littafin Fitowa 15:27 ya nuna mana haka: a Elim, inda akwai itatuwan dabino 70, akwai kuma maɓuɓɓugan ruwa 12. Kada mu ce tun da itacen hamada ne ba ya bukatar ruwa. Kuma ruwan sama yana ɓata 'ya'yan idan sun fara nuna, saboda haka wanda gonarsa take wuri mai doguwar damina ya nemi shawara tukuna.

2. Namiji da mace

A nan ne darasin yake. Dabino yana da namiji, yana da mace. Namiji fure kaɗai yake yi, macen ce take haihuwa. Idan muka shuka ƙwallo, wajen rabin abin da ya tsiro maza ne, kuma ba za mu gane su ba sai sun yi fure bayan shekaru. Ko macen da ta fito daga ƙwallo ba lalle ta yi zaƙin uwarta ba.

Ɗaya daga cikinmu ya yi shiru da jin wannan. Shekara 6 ke nan yana ban ruwa ga dabino 10 da ya shuka daga ƙwallon da ya saya a kasuwa, da fatan su biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Har yanzu bai san nawa ne mata a cikinsu ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma haƙuri da sani ya fi.

3. Hanyar dashe

Wani dattijo mai lambu ya nuna mana 'ya'yan da suke fitowa a gindin uwa. Ɗan gindi yana ɗauko uwarsa sak: in mace ce mai zaƙi, shi ma haka. Ga yadda ake yi:

(a) A zaɓi uwar da aka ɗanɗana 'ya'yanta.
(b) A tara ƙasa a gindin ɗan har ya yi saiwar kansa. Mai shekara 3 ko 4 ya fi kamawa.
(c) A raba shi da uwar da ƙarfe mai kaifi, a rage ganyensa, a ɗaure sauran.
(d) A dasa da tazarar mita 8 zuwa 10. Kada a binne zuciyarsa, kada ruwa ya kwanta a cikinta.
(e) A riƙa ban ruwa kullum a makonnin farko, a kuma yi shinge saboda awaki.

Dashe irin wannan yakan fara haihuwa cikin shekara 4 ko 5.

4. Barbara

Kada mu bar wa iska wannan aiki. Idan kwanson furen mace ya tsage, cikin kwana 2 ko 3 a ɗauko silin furen namiji 2 ko 3, a sa su a tsakiyar na macen, a ɗaure sako-sako. Da haka namiji 1 ya isa mata 50. Ga amfanin gama kai: ba sai kowa ya ɓata fili da maza ba.

5. Ƙarƙashin inuwa

Tazarar da muka bari ba asara ba ce. A Timia, cikin duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, masu lambu suna shuka lemo da rumman da kayan miya tare da dabino, suna jawo ruwan rijiya da raƙumi ko sa. Mu ma sai mu sa albasa da tumatir a tsakani, mu ci da su kafin dabino ya girma.

A Dutse akwai reshen cibiyar bincike ta NIFOR mai kula da dabino. Jam'iyyar da take son iri ta aika wakili can tare da malamin gona.

Tambayoyi don taronmu na wannan wata

1. A gonakin membobinmu, ina ne ruwa yake kusa da rani?
2. Wa ya shuka dabino daga ƙwallo, me kuma ya samu?
3. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi 'ya'yan gindi 20, mu riƙe namiji 1 domin kowa?

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.