Ciwon Haƙori Mai Gangarawa Ƙirji

Darasinmu na wannan wata a kan haƙori ne. Yawancinmu mukan raina ciwonsa, mu cusa kanumfari a kogon, mu tafi gona. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda cutar ke tafiya

Sa'ad da haƙori ya ruɓe, ƙwayoyin cuta sukan shiga har saiwarsa, mugunya ta taru. Turamen ƙasa na can ƙurya sun fi hatsari, gama saiwoyinsu suna da zurfi cikin muƙamuƙi. In mugunya ta huda ƙashi, sai ta malala ƙarƙashin harshe da haɓa. Wani likitan Jamus, Ludwig, ya bayyana wannan kumburi a 1836, har yau kuwa da sunansa likitoci ke kiransa.

Manoman shinkafa na Augie sun san halin ruwa: in gulbin Rima ya cika, gangare yake bi. Haka mugunya take. Tsakanin naman wuya akwai hanyoyi da suka gangara har tsakiyar ƙirji, inda zuciya take tsakanin huhu biyu. In ta isa can, mutum yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Masu ciwon sukari sun fi saurin kamuwa.

Alamun hatsari

1. Kumburi mai tauri ƙarƙashin haɓa.
2. Baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara.
3. Zazzaɓi mai zafi.
4. Numfashi da ƙyar, ko ciwon ƙirji.

Abin da za mu yi

Wanda ya ga ko ɗaya daga cikin waɗannan tare da ciwon haƙori, kada ya kwana gida. Kada a jira wanzami ya yi sakiya, gama muguntar ciwon tana can ciki inda askarsa ba ta kaiwa. Ƙwayar kanti takan kwantar da zogi, cutar kuwa tana ta ci. A kai shi Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Mai tsanani akan tura shi Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Maganinsa shi ne a cire haƙorin, a fid da mugunya, a yi allurai masu kashe ƙwayoyin cuta.

Mu riƙa yin asuwaki safe da dare, mu rage wa yara alewa. Haƙori mai kogo kuma, mu nuna wa likita tun bai kumbura ba.

Tambayoyi

1. Ta wace hanya mugunya ke isa ƙirji?
2. Don me sakiya ba ta isa ba?